Martani: Ba ajiye Jalen Hurts a benci ne laifin ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wani rubutu da na gani a shafin wasanni makon jiya, wanda wani ɗan'uwa yayi kan Jalen Hurts, ɗan wasan ƙwallon Amurka ɗin nan da ya ɗauki kofin Super Bowl, wato babban kofin ƙwararrun ƴan wasa na can, da ƙungiyar Eagles ta Filadelfiya a Fabrairun 2025. Da farko dai naji daɗi wallahi, don shekara da shekaru ina bin shafin nan ba abinda ake kawo mamu sai Firimiya da Laliga, sai in an ga dama a ɗan maƙala Katsina United can ƙasa a gefe kamar an tuna da ita a makare. To ganin an taɓo wani wasa daban ya sa na zamna na karanta har ƙarshe, na kuma sake karantawa.

Inda muka rabu da marubucin shine inda yace kocin yaron na jami'ar Alabama, wato Nick Saban, ya wulaƙanta shi a gaban duniya da ya cire shi ana tsakiyar wasan ƙarshe ya sa ƙaramin yaro, wai wanda ya sha wahala ya kawo ka fainal ba ka ajiye shi a ranar fainal, butulci ne. Maganar tana da daɗin ji, kuma nasan da yawa sun gyaɗa kai da suka karanta, don mu nan girman na gaba da rama alheri duk mun san su. Amma ni inaga ba nan laifin yake ba. Akwai laifi, zan zo kanshi, amma ba cirewar bace.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare nan cikin Katsina, kuma da yamma bayan la'asar ina horar da yaran unguwa ƙwallon ƙafa, yau shekara goma sha ukku kenan, ba albashi ba komai sai ƙura da ciwon maƙogwaro. Ƙwallon Amurka kuwa ƙanena ne ya jawo mani ita lokacin da ya tafi can ƙaro karatu, kullum sai ya turo mani bidiyo a WhatsApp yana ihu, ni kuma ince mashi kai rabu da ni da wannan kokawar ta masu hular kwano, mutum ashirin da biyu su kife kan juna a busa usur su tashi su sake kifewa, ina wasa a nan. Sai da ya dawo hutu ya zamnar da ni da biro da takarda ya zana mani sannan na gane ashe dara ce ake yi da jikin mutane. Yanzu ranar Asabar in akwai data wasan da suke farawa da tsakar rana can, nan ƙarfe biyar na yamma ne, ina kallo a waya, na dare kuwa sai dai da safe in bi a YouTube don ba zan hana kaina barci kan ɗiyan wasu ba.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice, kowane ɓangare mutum goma sha ɗaya ne, filin yadi 100 ne, eh yadi dai irin wanda tela ke aunawa, ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma gaba, in kun ci a sake ba ku huɗu, in kun kai ƙwallon ƙarshen fili maki shida. Duk wannan tafiyar mutum ɗaya ke jan ta, shi ake ce ma kwatabak. Ni da nake ma yarana bayani nace masu ku tuna langa, kun san ruwa ai, wanda duk sauran ke karewa, in aka kada shi an gama da ku komin ƙarfin sauran. To kwatabak ruwa ne, sai dai shi ruwan nan shine kuma mai ba da umurni, kusan duk wasa ta hannunshi ƙwallo ke bi, shi zai kalli yadda abokan gaba suka jeru ya canza dabara cikin daƙiƙa 40 da aka ba su, ya karɓi ƙwallo, ƙatti huɗu ko biyar masu nauyin buhun masara da ɗoriya suna rugowa su danne shi, cikin daƙiƙa ukku ya zaɓi wanda zai jefa ma. Kuma ba kamar ƴan gaba na ƙwallon ƙafa bane da zaka sa biyu ko ukku a lokaci ɗaya kowa ya ɗan samu, shi gurbi ɗaya ne tak. A wasanmu ba mai kama da shi sai gola. Shi ya sa duk shekara in watan Agusta ya kama, a garuruwan da jami'o'in nan suke ba zancen da ake a rediyo da wurin aski sai wa koci zai sa, kuma kada ka ga kamar wasan ƴan makaranta ne irin namu da ake kallo a tsaye a bakin fili, filin jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum sama da dubu ɗari.

Yanzu ga abinda ya faru daren 8 ga Janairun 2018 a Atlanta, wanda marubucin ya bi ta kai da gudu. Alabama da Jojiya, wasan ƙarshe na kofin jami'o'in ƙasar gaba ɗaya. Hurts shekara biyu yana riƙe da ƙungiyar, wasa biyu kacal aka taɓa cinshi, ba wanda zai ce rago ne. Amma a wannan daren abin ya ƙi, aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13 Alabama na nema, jifa takwas yayi ukku kawai aka cafe, yadi 21 duka duka. Ƴan Jojiya sun riga sun karance shi, sun san ƙarfinshi gudu ne da ƙwallo, suka toshe ƙasa suka ce in ka isa ka jefa ta sama. A benci kuwa akwai wani yaro bahago ɗan Hawai, Tua Tagovailoa, shekararshi ta farko a jami'a, bai taɓa fara wasa ko ɗaya ba, sai dai a sako shi in an riga an lallasa abokan gaba. Saban ya sa shi. Yaron yayi kurakurai fa, har ƙwallo ya jefa ma abokan gaba, amma ya farke, aka tashi 20 da 20 bayan mai bugun ƙafa na Alabama ya ɓarar da wadda zata raba gardama a daƙiƙar ƙarshe. A ƙarin lokaci Jojiya ta ci maki ukku da bugun ƙafa, sai yaron ya karɓi ƙwallo ya tsaya ruwan ido har aka kada shi yadi 16 baya, irin shirmen da in yaronka yayi zaka ji kamar ka shiga fili ka finciko shi, wasan da ya biyo baya kuma ya ɗaga kai ya wurga ta yadi 41 ta faɗa hannun DeVonta Smith, shikenan, 26 da 23, kofi ya tafi Alabama. Lokacin nan Katsina asuba ta yi cikin sanyin hunturu.

To Malam Edita ina butulcin yake? Koci ba ɗan wasa ɗaya aka damƙa mashi ba, yara kusan ɗari ne a ƙungiyar nan, kowa ya tashi da asuba ya ɗaga ƙarfe, wasu shekararsu ta ƙarshe kenan ba zasu sake sa rigar ba har abada. Don kada ran mutum ɗaya ya ɓaci sai a bar kofin sauran ya tafi? Kuma kada wani yace ai don an ci ne nake faɗin haka, ko da an cinye su daren nan zaɓin daidai ne, don abinda ake yi a rabin farko ba mai kaiwa ko'ina bane, kowa na gani. Koci yana kallon yaran nan biyu a tirenin wata da watanni, mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Mu ƴan kallo ranar Asabar kawai muke gani.

Laifin da nace akwai, daga baya ya fito. A watan Agustan 2018, ana gab da fara sabuwar kaka, duk ƙasar na ta cece-kuce wa za'a sa, shi Hurts da bakinshi ya gaya ma ƴan jarida cewa duk tsawon watannin nan ba wanda ya zo ya tambaye shi ya yake ji, har da kociyoyin. Nan ne. Da nan marubucin ya kama da ban ɗauki biro ba. Yaro ɗan shekara goma sha tara, ya yi maka bauta shekara biyu, ka ajiye shi a gaban miliyoyin mutane, ya tsaya bakin fili yana tafa ma wanda ya gaje shi har ya rungume shi, sannan a ce wata bakwai ba wanda ya jawo shi gefe yace zo mu zamna, ya zuciyarka. Wannan kam ban kare kowa a kai ba.

Duk da haka yaron bai tafi ba, ya zamna benci kaka guda cur. Kuma ka ji ikon Allah, ranar 1 ga Disambar 2018, fili ɗaya, nan Atlanta, abokan gaba ɗaya, Jojiya, suna gaba da 28 da 21 a zangon ƙarshe, wato na huɗu, Tua ya ji ciwo a idon sawu aka fitar da shi, aka waiwayo aka ce Hurts bisimilla. Ya jefa ɗaya aka farke, saura minti ɗaya da ƴan daƙiƙu ya ruga da ita da kanshi yadi 15 ya shige, 35 da 28. Da ɗan fim ne ya rubuta wannan sai ace ya cika ƙarya. Ya karɓi digirinshi a watan, ya koma Oklahoma a 2019 ya zo na biyu a kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, sauran labarin marubucin ya riga ya kawo.

Dalilin da ya sa maganar nan ta tsaya mani a rai kuwa nawa ne na kaina, ni ma na taɓa yi, kuma nawa ya fi muni. Shekarun baya ina da gola, shine kyaftin, tun yana ɗan firamare yake biyo ni fili yana ɗauko ƙwallo in ta faɗa kwata, duk wani kofin unguwa da muka shiga shi ke tsaron gida. Sai ga wani yaro sun tare unguwarmu daga Funtuwa, siriri dogo, ƙanen bayanshi ne da shekara biyu, ranar farko da na sa shi a raga na san an zo wurin, ƙwallon sama kamar ya ciro mangwaro. Na kwana ukku ina juya abin. Muna da wasan kusa da na ƙarshe a gasar da ake yi bayan sallah, na yanke a raina sabon zan sa, amma kunya ta hana ni gaya ma babban, kullum ince gobe, in na ganshi sai in kama wani zance, ga babanshi muna sahu ɗaya a masallaci, ga yayanshi shi ya saya mamu rigunan da muke sawa. Har ranar ta zo. Muna bakin fili jama'a sun cika, yaro ya riga ya sa safar hannu yana ɗumama jiki, abokanshi na mashi kirari, sai na miƙa ma mataimakina takardar sunaye nace karanta, ni na juya baya kamar ina duba iskar ƙwallo. A bakin wani yaji. Bai ce uffan ba, ya cire safar ya ajiye kan benci a hankali, ya tsaya har aka tashi, mun ci wasan ma, ɗaya da nema, sabon yaron ya kaɗe fanareti. Tun daga ranar bai sake taka filina ba. Yanzu magidanci ne yana da shagon kayan waya wajen Ƙofar Ƙaura, in na wuce zai tashi ya gaishe ni da ladabi, Malam ina wuni, Malam ya gida, iyakarta kenan, kuma ni na san da da yanzu ba ɗaya bane. Zaɓin da nayi ko yau aka dawo shi zan sake yi. Amma da na taka gidansu daren jajibiri na kira shi zaure na gaya mashi da bakina, in zai yi fushi yayi a gabana, da yanzu ƙila shi ke riƙe mani yaran nan.

Wani zai ce to me zai hana a raba, wannan yayi rabi wancan yayi rabi kowa ya huta. Na gwada wannan ma wata shekara, nan ne na gane taura biyu bata taunuwa. Su kansu Amurkawan suna da magana wai in kana da kwatabak biyu to baka da ko ɗaya, kuma akwai dalili ba camfi bane. Lokacin tirenin ƙayyadadde ne, doka ma ta ƙayyade masu, na bazara kwana 15 ne kawai, in ka raba shi biyu kowa rabin shiri ya samu. Masu cafe ƙwallo da hannun mutum ɗaya suke sabawa, ƙarfin jifarshi da lokacin da yake sakinta, bahago irin Tua ma ƙwallonshi juyin hagu take yi a iska, kuma ɓangaren da baya gani ya koma ɗaya gefen, dole masu tsaronshi su sake lissafi. Hatta muryar da yake ƙirga masu kafin a saki ƙwallo sai an saba da ita. Amma babbar matsalar a zuciya take, wanda ya san kuskure ɗaya zai yi a fitar da shi bazai taɓa sakin jiki ba, rabin hankalinshi na fili rabi na kan benci yana satar kallon koci. Sannan yara su rabu gida biyu, ƴan wane da ƴan wane, a wajen cin abinci ma ka ga an ware.

A 1999 kocin Mishigan, Lloyd Carr, haka ya riƙa yi, zangon farko ya sa babban, zango na biyu ya sa wani matashi Drew Henson da gari ke ta zuzutawa, bayan hutu ya zaɓi wanda hannunshi ya fi zafi. Sai da kaka tayi nisa ya haƙura ya bar ma babban. Babban nan shine Tom Brady, wanda da ƙungiyoyin ƙwararru suka zo ɗibar ƴan wasa daga jami'o'i a 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a kira sunanshi, ya zo ya ci Super Bowl bakwai. Ka ga a nan babban ne ya cancanta, ƙaramin kuwa suna ne kawai ya ɗauke shi, don haka ni ba cewa nake kullum a sa yaro a ajiye babba ba, kada a juya mani magana. Jojiya ma da ta ɗauki kofi a Janairun 2022, karon farko tun 1980, da Stetson Bennett ta ɗauka, gajere wanda ya shigo makarantar ba tare da an ba shi gurbin karatu na wasa ba, magoya baya suna ta zagin koci Kirby Smart ya cire shi ya sa JT Daniels mai suna, yayi kunnen uwar shegu da su, shekarar da ta biyo ya sake ɗauka da shi.

Jami'ar Jihar Ohayo kuwa arziki ne yayi masu yawa. A 2014 kwatabak ɗinsu na ɗaya ya ji ciwo a kafaɗa tun kafin a fara, na biyu J.T. Barrett ya riƙe har ya karye a idon sawu a wasan Mishigan, na ukku Cardale Jones ya shigo ya ci wasa ukku a jere ya ɗauko kofin ƙasa. Shekara na zagayowa koci Urban Meyer ya rasa wanda zai ɓata ma, ya fara da Jones yana cire shi yana sako Barrett, sai wasa na takwas ya koma kan Barrett, ƙungiyar da kowa ke cewa ba mai tarar ta ta riƙa tafiya kamar mota mai direba biyu, ko gasar ƴan huɗun ƙarshe basu shiga ba. Nasan masu gardama zasu kawo mani Fulorida ta 2006 da ta ci kofi da mutum biyu, Chris Leak da Tim Tebow, kuma shi dai Meyer ɗin ne kocin, to amma can kowa ya san Leak ne mai gida, Tebow sai in ana neman yadi ɗaya ko biyu da ƙarfin tsiya a sako shi ya ture mutane ya fita. Wannan ba raba sarauta bane, aike ne.

Wanda ya fi burge ni a yadda ake yi shine Dabo Swinney na Clemson, a 2018 ɗin dai. Yana da Kelly Bryant ɗan shekarar ƙarshe, wasa 18 ya fara ya ci 16, ga kuma sabon yaro mai dogon gashi Trevor Lawrence. A shekarar aka kawo sabuwar doka, in baka wuce wasa huɗu ba kana iya ajiye shekarar ba'a ƙirga maka ita ba, ka sake bugawa baɗi. Daidai bayan wasa na huɗu kocin ya kira Bryant ya gaya mashi yaron zan sa. Da mugu ne sai ya lallaɓa shi ya buga na biyar, shekararshi ta ƙone, dole ya zamna mashi a benci ko yana so ko baya so. Bryant ya ji zafi, yace kamar mari ne a fuska, ya tattara ya koma Mizuri ya samu kakarshi cikakka. Kuma abin ya so ya juye ma kocin, don wasan farko bayan tafiyar Bryant, Lawrence ya ji ciwo, sai na ukku Chase Brice ne ya fitar da su da kyar a hannun Sirakus 27 da 23, ranar nasan ya sha zagi. Ƙarshen kaka wasa 15 ba'a ci su ko ɗaya ba, suka yi ma Alabama ɗin 44 da 16. Ya rasa ɗan wasa amma bai cuce shi ba, kuma ido da ido ya gaya mashi.

Yanzu ma abin ya ƙara yi masu wuya can, don tun 2018 aka buɗe rajistar da ɗan wasa zai sa sunanshi in yana son canza makaranta, a 2021 kuma aka halatta masu karɓar kuɗin talla da sunansu, to wanda ka ajiye yau gobe wata jami'ar ta kira shi da kuɗi a hannu, irin haƙurin Hurts ya zama sai an tona. Dariya abin ke ba ni, don mu wannan rajistar tun tuni muke da ita, ka ajiye yaro ranar Juma'a ranar Lahadi ka ganshi da rigar unguwar gaba yana harararka. Abinda su basu da shi mu muke da shi shine waya daga sama, ɗan wane ne a sa shi, wanda ya sayi ƙwallo da raga yana da ɗa, kansila na da ƙane. Ni an taɓa aiko mani da buhun shinkafa ana saura kwana biyu wasa, na gane karatun, na mayar, a shekarar da kuɗin aljihuna muka yi rajista. Kuma duk wanda ya kalli kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024 ya ga amfanin koci ya bi idonshi, kocin Najeriya Peseiro ya ajiye gola Uzoho da aka saba da shi ya ɗauko Nwabali daga Chippa United wanda yawancinmu bamu taɓa jin sunanshi ba, shi ya kaɗe fanareti biyu a wasan Afirka ta Kudu ya kai mu fainal. A gidan kallo na unguwarmu waɗanda suka fi kowa zagi ranar wasan farko su suka fi kowa tsalle ranar.

Ina roƙon marubucin, in Allah ya sa ya ga wannan, kada ya ɗauka raini ne, rubutunshi ne ya motsa ni, kuma ku ci gaba da kawo mamu irin waɗannan ko da sau ɗaya ne a wata, ku kuma riƙa leƙo gasannin makarantu da na unguwanni nan Katsina da Daura da Dutsin-ma, akwai labari a ciki wallahi ba sai na Landan ba.

Ni dai ga ni a ciki kuma. Ranar Asabar muna da wasa, ina da gola biyu, babban shekara huɗu muna tare kuma maraya ne, ƙaramin ya fi shi, na sani, yaran ma sun sani suna dai kallona ne suga me zan yi. Na riga na aika a gaya ma kawunshi ina nan tafe yau bayan isha'i. Tun safe nake haɗa yadda zan fara maganar har yanzu bata haɗu ba, amma zan je.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai horar da yara ƙwallo,
Ƙofar Marusa, Katsina.